Ɗaga Cikin Boksin Kawu Kafin Damina

6 Maris 2021

Yau na kwanta a ƙarƙashin motar da tef ɗin awo a hannu, abin da ya kamata in yi tun bara. Motar ta Kawu ce, Hilux mai dabal, wato mai ja da tayoyi huɗu, irin tsohon yayin nan mai injin dizal 2.8 marar turbo, wadda aksil ɗinta na gaba da na baya duk sanda guda ne a kan sifirin mai falle-falle. A nan Gadarif, a ƙasar Sudan, ba wanda zai ce maka Hilux, boksi ake cewa. Aikinta kai kaya gonarmu da ke kudu: a bi kwaltar da ta nufi Doka da Gallabat, a sauka, a yi kilomita 19 cikin baƙar ƙasa kafin a isa kambo, wato sansanin ma'aikata.

Baƙar ƙasar nan da rani darewa take yi har ka zura hannu ya shige. Ruwa na sauka sai ta kumbura, ta rufe bakinta, ta koma danƙo. Tarakta da manyan motoci su bi ta tana jiƙe, su bar rami biyu da tozo a tsakiya. A watan Agustan bara tozon nan ne ya ɗauke ni cak, da duro biyu na dizal da buhunan abincin ma'aikata a baya. Tayoyi huɗu suna juyawa, ba wadda ta kama ƙasa, kamar kunkurun da aka ɗora a kan turmi. A nan na kwana da sauro, sai da hantsi ya dubi ludayi wata tarakta Massey Ferguson ta maƙwabta ta zo ta fizge ni.

Ga abin da tef ya ce, mota ba kaya, a kan simintin tsakar gida. Daga ƙasa zuwa gindin tulun aksil na baya, wato kumburin nan da ke tsakiyar aksil, santimita 20. Tulun gaba ya ɗara haka da ɗan kaɗan, kuma shi yana gefen dama ne, ba a tsakiya ba. Gadar ƙarfen da ke tallafe giyabos santimita 27. Da na sa yara suka ɗora duro biyu cike, gadar ta sauko zuwa 23, tulun baya kuwa ko rabin santimita bai cika motsawa ba. Wannan ya ɗaure mini kai, na rubuta shi na ajiye.

13 Maris

Na kai ta wurin Usta a unguwar makanikai. Dattijo ne Bahaushe, abokin Kawu tun suna samari, Hausarsa rabi Larabci ce idan ana maganar ƙarfe: taya lastik, sifirin yay, tulun aksil korona. Na je da shirina a baki. Na ce ina so a sa mata robobi tsakanin bodi da shasi a ɗaga ta inci 2, a kuma sa tubalin ƙarfe a ƙarƙashin sifirin, kamar yadda na ga samari suna yi.

Bai ce mini a'a ba. Ya sa yaronsa ya kafa jak a jikin shasi ta baya, ya ce in kwanta in riƙe tef a gindin tulu. Yaro na bugawa, bodi na tashi, har sai da na iya zura kai tsakanin taya da bodi. Ya ce, "Ɗana, nawa ka gani?" Na ce 20, Baba. Aka ƙara bugu uku. "Yanzu fa?" Na ce tana nan a 20. Ya ce, "To ko ka ɗaga bodin nan ya taɓo gajimare, korona tana nan inda ka bar ta. Ita a kan lastik take zaune, ba a kan yay ba."

Gani ya kori ji. Duk abin da ke saman sifirin, wato shasi da injin da giyabos da tanki, sifirin ke ɗaga shi. Duk abin da ke jikin aksil kuwa taya kaɗai ke ɗaga shi, kuma rabin abin da aka ƙara na tsayin taya ake samu, tunda aksil a tsakiyar taya yake. Shi ya sa duro biyu suka danne gadar giyabos ba su taɓa tulu ba. Abin da ya kwantar da ni bara kuma tulun baya ne, wanda yake daidai tsakiya, daidai kan tozo.

Robobin bodi mun bar su, domin ko shasi ba sa ɗagawa. Tubali kuwa ya ce a gaba ko da wasa ba ya sawa, saboda can ne sitiyari da ƙarfin birki suke, a baya ma yana ba aksil damar murɗa sifirin idan mota ta yi ƙoƙarin fita daga taɓo. Shiri ya koma haka: babbar taya ita ce aikin, gyaran sifirin don a sama mata wuri ne da kuma ɗaga tsakiyar mota.

27 Maris

Mako biyu ina yawon taya. Wadda ke kai 205R16 ce, sabuwarta tsayinta ya ɗan haura santimita 73, tamu ta cinye ta koma 72. Na so mai faɗi don kyan gani, amma wilinmu siriri ne, sai an sake wili biyar. Usta ya nuna 7.50R16, irin ta Land Cruiser: doguwa, siririya, tana hawa wilin da muke da shi, kuma duk ƙauyen da ke da mai faci za ka sami irinta da tif ɗinta. Wannan hujja ta ƙarshe ita ta fi kama ni. Taya ta fashe maka a bayan Doka cikin Agusta, ba kyan gani za ka nema ba.

Matsalar kuɗi ce. Tun da gwamnati ta karya darajar fam a watan Fabrairu, daga 55 zuwa 375 a kan dala ɗaya, mai shago ba ya faɗa maka farashi sai ya duba waya, kuma farashin safe daban da na yamma. Na kai wa Kawu lissafi bayan la'asar. Ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce, "Kai ɗan nan, kakanninmu da suka biyo hanyar hajji bayan yaƙin Burmi, da ƙafa da jaki suka ratso ƙasar nan, ban ji wanda cikinsa ya taɓa ƙasa ba." Na ce, Kawu, ai jaki ba shi da tulu. Ya yi dariya har da tari, ya ce a sayi huɗu yanzu, ta biyar a nemo ta hannu.

10 Afrilu

Mun sauke sifirin guda huɗun. Na baya na hagu ƙusar tsakiyarsa a karye take, falle biyu sun goce, ban san tun yaushe nake yawo da ita haka ba. Robobin marataya, wato ƙarafan da ke rataye wutsiyar sifirin a jikin shasi, duk sun narke. Sifirin gaba sun miƙe sambal, na dama ma ya fara lanƙwasa ta baya. Ashe motar ba gajeriya ba ce, tsufa ne ya rusunar da ita.

An yi muhawara a gareji. Wani maƙeri da ke gefe ya ce a kawo masa ya bubbuga su a kan uwar maƙera su koma baka, aikin yini ɗaya, kuɗi kaɗan. Usta ya ce ƙarfen da ya gaji ya gaji, damina ɗaya zai koma gidan jiya. Araha ba ta ado. Muka raba: na gaba muka samo wasu masu sauran rai daga wata boksi da ta yi hatsari, na baya aka bubbuga aka kuma ƙara wa kowanne falle ɗaya dogo a ƙarƙashin na biyu. Wani ya kawo shawarar a tsawaita marataya, amma rabin abin da ka ƙara kawai take ba ka, sannan ta karkata aksil. Ba mu taɓa su ba, sababbin robobi kawai aka sa.

24 Afrilu

Azumi, rana kamar ta tsaga dutse, aiki sai bayan tarawihi. Shasi ya tashi santimita 5 a baya, 4 a gaba. Tulu yana nan a 20, na auna don in tsokani kaina.

Da aka ɗaga ta a shasi aksil ya rataya, tiyon birkin baya ya miƙe kamar tsirkiyar baka. Ramin farko da taya ta faɗa da ya tsinke. An sa mai tsawo. Shokazoba na baya su ma sun kai ƙarshensu kafin sifirin ya gama buɗewa, an sauya su da waɗanda suka fi tsayi.

22 Mayu

Bayan sallah tayoyi suka hau. Na auna sabuwar a tsaye kafin a ɗaura: santimita 80 da rabi. Tulun baya ya koma 24 da ɗan ɗoriya. Gadar giyabos 36. Wata biyu da rabi, da kuɗin da Kawu bai daina ambata ba, tulu ya tashi da faɗin yatsu biyu da rabi. Na tsaya ina kallon tef ɗin, raina bai yi fari sosai ba. Usta ya lura, ya ce mutum da tafin hannu guda yake nutsewa a kogi, kada in raina.

A ido kuwa motar ta zama wata. Yaran unguwa suka biyo ta har ƙofar gida, ƙanena ya ɗauki hoto ya sa a Facebook kafin in kashe injin.

Sai kuma abin da aka biya. Idan na karya sitiyari har ƙarshe, taya tana gugar sifirin, ƙiii. An warware ƙusoshin da ke tsayar da juyin taya suka fito kaɗan, gugar ta daina, amma yanzu juyawa a layin kasuwar amfanin gona sai na yi gaba na yi baya. Sitiyarin kansa ya karkace ko mota na tafiya miƙe, saboda sandar da ke tura shi ta sauya kwana da aka ɗaga shasi, an daidaita. Agogon gudu ya fara ƙarya: yana nuna 80, wayata tana cewa 88, kusan kashi 10 cikin 100, daidai da yadda tayar ta fi ta asali. Lissafin kilomita na juyen mai shi ma sai na riƙa ƙara wannan kason. Injin kuma ya ji a jikinsa. Dama 2.8 ba jarumi ba ne, yanzu tudun da nake haurawa da giya huɗu sai na koma uku.

29 Mayu

Allah ya kiyaye yau. Ina dawowa da duro ɗaya a baya, wani yaro da keken jaki ya faɗo titi. Na taka birki, gaba ta durƙusa, tayoyin gaba suka yi ƙara, baya kamar ba ta san ana yi ba. Na tsaya da taku ɗaya tsakanina da jakin. Yaron ko a jikinsa.

Ban wuce gida ba, gareji na nufa, hannuna na rawa. Na ce, Baba, mun yi gyaran gangar Auzinawa. Ya shiga ƙarƙashi ya kira ni. A jikin shasi ta baya akwai wani bawul ƙarami da siririyar sanda da ta taho ta kama aksil. Shi ke auna kaya: mota ta sauko saboda nauyi, ya ƙara wa birkin baya ƙarfi, ta tashi, ya rage don kada baya ta kulle ta juya. Mu da muka ɗaga shasi santimita 5, bawul yana ganin motar ta fi wofi zama wofi, sai ya shaƙe birkin baya ko da kaya a kai. Usta ya dafe kai ya ce wannan mantuwarsa ce, ya san da shi. Ya yanko ƙarfe, ya huda, ya ɗaga mazaunin sandar a jikin aksil da santimita 5 ɗin nan. Muka fita bayan gari muka gwada da kaya da babu kaya har magariba. Ta dawo hayyacinta, ko da yake babbar taya ta fi wuyar tsayarwa, dole in riƙa ba da rata fiye da da.

Wanda zai ɗaga irin wannan mota, ya nemi sandar nan tun ranar farko.

12 Yuni

Sharar ciki. Safayar da ke rataye da sarƙa a ƙarƙashin bodi ta koma cikin bodi, an ɗaure ta a bayan kai. Babbar ma ba ta zauna da kyau a can ba, kuma ita ce ke fara shan ƙasa idan ana fita daga kwari. Wutsiyar salansa an yanke an ɗage. Wayar birkin hannu an ɗaure ta sama. Ƙusoshin U da ke riƙe sifirin da aksil na baya bakinsu ƙasa yake kallo, sababbin da muka sa sun yi tsawo suna leƙowa ƙarƙashin farantinsu. An datse su daidai noti. Akwai masu juya su gaba ɗaya noti ya koma sama, amma sai an yi waldar sabon mazaunin shokazoba, na bar wa baɗi.

An yi farantin ƙarfe mai kaurin milimita 4 daga gindin injin zuwa ƙaramin giyabos na dabal. Ya ci mini santimita ɗaya da rabi na tsayin da na saya da tsada, na yi ta gunaguni. Amma abu mai santsi yana zamewa a kan tozo, gada mai kaifin baki kuwa noma take yi. An huda shi wuri huɗu don laka ta sami mafita.

A makon nan aka janye tallafin mai gaba ɗaya. Da babbar taya da injin da ke nishi, kowace tafiya gona sai an yi mata dalili.

4 Yuli

Ruwan shuka ya sauka. An kai iri da dizal, tarakta na jan garmar diski. Hanya ba ta lalace ba tukuna, ba abin rubutawa.

28 Yuli

Jiya ta sha jarrabawar farko, kwana biyu bayan ruwa mai yawa. Na kulle makullan tayoyin gaba tun a bakin kwalta, na sa dabal. Kilomita goman farko ban ji ciki ya taɓa ba ko sau ɗaya, a wuraren da bara nake jin ƙurrr har cikin haƙorina.

Abin da ban lissafa ba shi ne laka. Baƙar ƙasa ba ta zubewa daga taya, naɗewa take yi, falle kan falle, har taya ta zama kamar gammo. Da tsohuwar taya akwai fili tsakaninta da bodi, yanzu filin ya ragu duk da ɗagawar da aka yi. Lakar ta cushe bayan tayoyin gaba, ta haɗe da robar kare taɓo, sitiyari ya yi nauyi, motar ta fara numfarfashi a giya biyu. Na sauka da sandar ƙarfe na yi rabin awa ina sassaƙa, takalmina ɗaya ya zauna a ƙasa na ci gaba da ɗaya. A kambo na kwance robobin nan huɗu na jefa a baya, sai rani.

Na kuma gane cewa rage iska ba kyauta ba ce. A yashi kowa ya san amfaninta. A nan da na rage sosai don taya ta kama, na auna a kambo, tulu ya sauko fiye da santimita ɗaya. Kashi ɗaya cikin huɗu na abin da na samu ke nan ya tafi da iska. Yanzu kaɗan nake ragewa, ina kuma tafe da famfo.

A dawowa kwarin da ke tsakiyar hanya ya kawo ruwa har ya rufe aksil. Na ratsa lafiya. Da safen nan Usta ya kwance ƙusar man tulun baya, abin da ya zubo kamar shayi da madara. Tulu ya yi zafi ya faɗa ruwan sanyi, iskar ciki ta tsuke, ya zuƙi ruwa ta ɗan hancin numfashin da ke saman aksil. Ni da nake ganin mota ta yi tsayi na manta hancin nan santimita 4 kawai ya tashi, kamar tulun. An juye mai gaba da baya, an sa sabo mai lamba 90, an sa wa kowane hanci siririn tiyo, na gaba ya hau cikin gidan injin, na baya ya hau ƙarƙashin bodi.

17 Agusta

Na kai wurin bara. Ban shirya ba, abincin ma'aikatan cirar ciyawa ne ya ƙare dole a je. Kaya kusan iri ɗaya: duro biyu, buhu uku, ga ƙanena a gefe. Wata tsohuwar Bedford, irin wadda ake ce wa sifinja, ta riga mu wucewa da safe ta ƙara yashe ramukan.

Na tsaya nesa, muka sauka da ƙafa. Na karyo kara na dasa a cikin ramin, na gitta wani a kan tozo, na sa tef. A yawancin wurin zurfin 21 ne zuwa 23. Amma akwai taku kamar goma da ya kai 30. Bara da na faɗa kai tsaye, bana ma da na faɗa nan zan kwana, da sabuwar tayar da komai. Ba tayar da za ta hau boksi ta tsallake sawun babbar mota.

Inda ya yi 23 na bi ramin, giya biyu a ƙaramin dabal, ba tare da ɗaga ƙafa ba. Na ji tulu yana shafar tozo, shafa kawai, yana barin layi mai sheƙi a baya kamar an ja ƙwarya a kan tuwo. Kafin wuri mai zurfin ƙanena ya sare bakin ramin da shebur ya yi mini matakala, na hau da tayoyin hagu a kan tozo, na dama a kafaɗar hanya. A nan tsayin ya nuna mini ɗaya fuskarsa: motar ta karkata fiye da yadda na saba, duro suka yi ƙara, ƙanena yana ta salati yana cewa, "Yaya, a hankali!" Baya ta zame sau ɗaya, farantin ciki ya daki tozo ya sulale. Muka fita.

Da na ba Kawu labari da daddare, tambayarsa ɗaya ce: da tsohuwar taya, in da na sauka na auna na sare bakin ramin, da ban wuce ba? Na ce wurin 30 ɗin wataƙila da na wuce, amma wurin 23 da ya riƙe ni tun kafin in kai can. Ya ce to, a bar shi a haka.

5 Satumba

Awo bayan tafiya tara. Tulun baya 24. Gadar giyabos, daga ƙasan faranti, 33, wato sifirin baya da aka bubbuga sun fara zama, sun ajiye fiye da santimita ɗaya. Maƙerin na gefe ya ce ƙarya tef yake yi. Farantin ya lotsa a kusurwar dama. Man tulu gaba da baya baƙi ne wuluk, ba madara. Notin ƙusoshin U biyu sun saki, an ɗaure. Kuros ɗin furofela na baya, wato gaɓar sandar da ke kai ƙarfin injin zuwa aksil, ya fara ƙas-ƙas idan na saki kuloci, Usta ya ce kwanar da ta ƙaru ce ta gama da tsohon, an yi odar sabo.

Kafin yankan riɗi a Oktoba: kuros, giris a ko'ina, a mayar da duro su kwanta a gaba kusa da kai maimakon tsaye a wutsiya, a kuma yi wa shebur mazauni a jikin bodi, don ƙanena ya gaji da riƙe shi a tsakanin ƙafafu.